Makon Da Na Yi Murmushi

Ni ban yi boko ba, amma a ba ni mutum ya matse tsumma a gabana, in faɗi halinsa har da na kakarsa. Da baho biyu da igiyar aro na fara wanki, yau ga ni da shago mai ƙofa biyu da ma'aikata huɗu, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini riƙon mutane. Tsawa ce jarina. Mai askin da ke maƙwabtaka da mu ya ce in na buɗe baki, har almakashinsa rawa yake yi.

Shi ne ma ya kawo mini labarin. Ya leƙo da tawul a kafaɗa, yana shafa baƙin gashin bakinsa da yake ji da shi kamar gonar gado.

"Gwaggo, ina Malam Shiru yake hutun rana kwanan nan?"

"Inda ya ga dama. Kai ka haife shi?"

"A'a, ni gani kawai na yi. Da rana ta take, sai ya tsallaka titi ya shige wurin Mai Inji. Kuma yana daɗewa."

Sai na ji kamar an watsa mini ruwan ɗauraya a gadon baya. Malam Shiru shi ne mai gugana. In ya ɗora wa wando kari, sai ka ji tsoron taɓawa kada ya yanke ka. Rabin masu kawo mana kaya don hannunsa suke zuwa, sauran rabin kuma ba su san hanyar wani wuri ba ne. Ba ya magana, "to" ɗaya tana kai shi yini. Shi kuwa Mai Inji wani matashi ne da ya buɗe shagon wanki daura da mu, da injuna masu ƙugi da fitilu, amma gugarsa kamar an kwana a kan kayan. Hannu kawai ya rasa. In ya ɗauke mini Malam Shiru, sai dai in koma baho biyu.

A ranar 'yata ta fari, mai aikin ofis, ta zo gaishe ni ta tarar ina cin abinci kamar da shi muke faɗa. Na ba ta labari.

"Umma, ba aiki mutane suke gudu ba, mai aikin suke gudu. Mu a wurinmu an hana tsawa, an hana gulma. Ana duba abin da kowa ya fi ƙarfi a kai, a taimaka masa ya ƙara. Amma da farko sai kin zaunar da mutum kin tambaye shi..."

"In tambaye shi? Ni da na san mutum kamar tafin hannuna?"

"Umma, ki bari in ƙarasa."

"Kin ƙarasa. Ci abincinki."

Ilimin 'yan ofis ɗanye ne, sai an dafa shi. Na dafa. Na gano cewa abin da mutum yake yi kullum ba baiwarsa ba ce, sabo ne kawai. Baiwa a ɓoye take, kamar abin da aka manta a aljihu, mai wanki ne kaɗai ke tono ta.

Da safe na tara ma'aikatan a tsakanin igiyoyin shanya. Na fara da Rediyo, matar da ke zaune a kantar shago tana karɓar kaya, wadda bakinta bai taɓa ɗauke wuta ba.

"Wanda harshensa ba ya gajiya, hannunsa ma ba zai gaji ba. Baiwarki juriya ce. Daga yau ke ce a guga."

"Inna, ni ko ɗankwalina ƙanwata ke goge mini."

"Shi ya sa baiwar ta ɓuya."

Na juya kan Guguwa, mai kai mana kaya gidaje a babur. "Saurinka asara ne a titi. Kawo shi baho."

Sai Uwar Kumfa, mai wankinmu, mace mai jiki da nauyin tafiya. "Ke ba ki taɓa ɓatar da ko safa ɗaya ba. Baiwarki amana ce. Ke za ki riƙa kai kaya."

"Inna, ban iya babur ba."

"Kina da ƙafa."

Na ajiye Malam Shiru a ƙarshe, don dominsa aka yi taron. "Mai shiru mai sauraro ne, mutane kuwa suna son a saurare su. Ka bar zafin dutsen guga, ka koma kanta, ka zama fuskar shago." A raina na ce na ɗaure shi da igiyar girma.

Ya dubi teburin gugarsa, ya dube ni, ya ce, "To."

"Inna, ke fa mece ce taki baiwar?" in ji Guguwa.

"Haƙuri."

Uwar Kumfa ta yi tari. Rediyo ta sunkuya tana gyara takalmin da ba shi da igiya.

"Daga yau babu tsawa a shagon nan, babu gulma. Yabo kawai. Ƙarshen mako kuma zan gayyato duk layin nan, har da na tsallaken titi, su zo su ga yadda ake riƙe ma'aikata."

Mai aski, wanda kunnensa ya fi askarsa kaifi, ya leƙo ta taga. "Gwaggo, in kika kai ƙarshen mako ba ki yi tsawa ba, na aske gashin bakin nan a bainar jama'a."

"Je ka wasa aska."

Murmushin ne ya fara ba ni matsala. Na gwada shi a madubi, na ga ya zauna daidai, na fito da shi. Uwar Kumfa ta kalle ni ta ce, "Inna, haƙori ne?" Na ce lafiyata lau, 'yar'uwata. Da ta ji "'yar'uwata" sai idonta ya kawo ruwa. Kafin rana ta yi tsaka mai kemis ɗin layinmu ya shigo da abin gwajin jini a hannu, wai an ce masa jikina ya rikice. Wata tsohuwar da muke gaba da ita tun kan igiyar shanya ta aiko a ce ta yafe mini duniya da lahira.

Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne, shagon nan ba shi da agogo sai maƙogwarona. In na yi wa Uwar Kumfa tsawa cewa jiƙon ya isa, a nan mai guga yake kunna dutse. In na ce wa Guguwa ko kakarsa yake jira ta zo ta kai kayan, a nan ake sanin an gama ninki. Yanzu da nake bin su ina cewa "in ba damuwa", kowa sai ya ɗauka babu damuwar. Kaya suka kwana a ruwa. Dutse ya yi zafi babu abin gogewa, abin gogewa ya zo dutse ya huce.

Sai hadari ya taso. Ni hancina yana jin ruwa tun yana wani gari, kuma da can tsawa ɗaya nake yi, duk layin ya kwashe shanya. Ranar na tsaya a tsakar fili, na haɗa hannu, na ce, "'Yan'uwa, kamar dai ana son a yi ruwa, ko da mai sha'awar kwashe kaya."

Guguwa ya ɗaga kai ya ce, "Da saura, Inna. Ai da ya kusa da mun ji ki."

Zannuwan gadon wani masauki duka suka sha ruwa, iska ta tsinka igiya ta kwantar da su a taɓo. Matar mai kemis ta fito tana mita cewa ita ma shanyarta ta jiƙe, kuma laifina ne, don ban yi ihu ba.

Guguwa a baho kuwa, sauri ya kawo kamar yadda na ce. Ya haɗa fararen rigunan ma'aikatan wani ƙaramin asibiti da jan labule a ruwa ɗaya, wai don a gama da wuri. Suka fito launin cikin kankana. Na tsaya a kansu da murmushina, na ce, "Sannu da ƙoƙari. Launin ya kama ko'ina daidai."

Rediyo ta ɗora dutse a bayan wata kwat, ta buɗe baki za ta ba da labarin mai ita, ta tuna da doka, ta haɗiye. Tana cikin kokawa da haɗiyar hayaƙi ya tashi. Hoton dutsen ya fito a bayan kwat ɗin tsaf, har da hancinsa.

"Kin bar alama," na ce. "Ba kowa ke barin alama a duniya ba."

Amma babbar ɓarnar a kantar karɓar kaya take. Mu ba ma liƙa wa kaya takarda, ba mu taɓa yi ba. Rediyo ce take karɓar riga ta ɗaga ta sama bayan mai ita ya fita, ta ce wannan ta wane ce da ya yi kaza, ga ma shaida a wuyanta. Kowa ya yi dariya, kowa ya riƙe. Riga takan bi baho da igiya da tebur da labarinta a jikinta, har ta koma gidansu. Ni kuma na hana gulma, na zaunar da mutumin da ba ya tambayar kowa ko sunansa. Mutum ya miƙo ƙunshi, Malam Shiru ya ce "to", ya jefa a tsibi. Sauran lokacin yana zaune ya zuba wa yamutsattsun rigunan da ke jikin mutane ido, yatsunsa suna motsi a kan kanta kamar mai jin ƙaiƙayi. Wani ya tambaye shi yaushe zai dawo karɓa, sai ya miƙa hannu ya gyara masa kwala, ya ce "to".

Uwar Kumfa ta fita da ƙunshi a ka tun safe, ta dawo da yamma ƙafa a kumbure, hannu wayam.

"Kin kai duka?"

"Duka, Inna."

"Ta yaya kika gane gidajen?"

"Ban gane ba. Nakan dubi mutum, in dubi rigar, in sun yi kama in ba shi."

Na shiga ɗakin ajiya, na cusa tawul a baki, na faɗa masa abin da ke raina. Na fito da murmushina. Da na leƙa titi, sai na hango Malam Shiru yana tsallakawa, yau ma tun kafin lokacin hutu.

Da mai hankali ne, da ya soke taron. Ni kuwa na yi hayar kujeru.

Ranar ta zo, layi ya cika. 'Yata ta zauna a gaba tana kallon rigunan asibiti da na rufe da zani, gefensu yana leƙowa. Mai Inji ya zo da turarensa, ya gaishe ni da "Mama" har da rusunawa. Mai aski ya ajiye aska da kumfa a kan tebur don kowa ya gani, fuskarsa babu walwala. Na miƙe na fara bayani a kan ɓoyayyar baiwa, na ce yanzu kowane ma'aikaci zai tashi ya yabi ɗan'uwansa.

Guguwa ya tashi ya ce Uwar Kumfa tana da ƙoƙarin tafiya. Bai kai ga zama ba shugaban makarantar bayan layi ya ratso taron, wandonsa ya tsaya a ƙwauri.

"Hajiya, wannan aka kawo mini. Na sa ne don ki gani da idonki."

Bayansa matar mai nama ce, riƙe da baƙar rigar lauya. "Mijina ya ce a tambaya, yanka zai yi da ita ko shari'a?"

Sai likitan asibitin, ya yaye zanin da na rufa, ya ɗaga riga ɗaya yana duba launinta. Sai wata mata da rigar mace a hannu, tana jan mijinta, wai a cikin kayansa ta same ta, kuma ba za ta bar nan ba sai an faɗa mata mai ita. Mijin yana rantsuwa har muryarsa ta dushe. Kafin ka ce kwabo, kowa ya juye abin da aka kai masa a tsakar fili, tsibi ya kai ƙugu.

"Jama'a," na ce, haƙorana a waje, "kowane kuskure makaranta ne."

"Wane aji wandona yake?" in ji shugaban makaranta.

Mai Inji ya matso, muryarsa kamar man shafawa. "Mama, in aikin ya yi muku yawa, a turo mana. Ai mun zama ɗaya."

A daidai nan Malam Shiru ya tashi daga kanta. Bai dubi kowa ba. Ya ratsa taron, ya sauka titi, ya nufi shagon Mai Inji, a gaban idona, a gaban duk wanda na gayyato.

Ban san lokacin da tsawar ta fito ba. Mai kemis ya ce kwalabe sun yi ƙara a kan kantarsa.

"Kai Shiru, in ka ƙara taku ɗaya sai na goge ka da dutsen nan ciki da baya! Guguwa, fitar mini da hannunka daga ruwana, ka je ka tayar da wannan akwalar. Uwar Kumfa, rigunan asibiti, jiƙa su tun kafin in jiƙa ki. Ke kuma Rediyo, uban wa ya ce ki yi shiru?"

"Ke, Inna."

"To na janye. Raba kayan nan."

Kafin in rufe baki babur ya tashi, famfo ya buɗe. Mai aski ya rungume gashin bakinsa da hannu biyu yana godiya ga Allah. Rediyo kuwa ta faɗa kan tsibin kamar mai buɗe baki bayan dogon azumi. Sai dai ita hanya ɗaya ta sani ta gane kaya, kuma yau masu kayan suna tsaye.

"Wannan wandon na shugaban makaranta ne, da ya ce wa matarsa ya daina shan taba, ga ƙuna a aljihu. Wannan taguwar ta likita ce, mai hana mutane zaƙi, kullum sai mun kwashe takardun alewa. Rigar lauya, ta yayan lauyan ce ma, aro yake yi. Ke baiwar Allah, saki mijinki, rigar nan ta matar mai kemis ce, wadda take cewa daga waje aka kawo mata, alhali telan bayan kasuwa ne ya ɗinka."

Kowa ya karɓi nasa da sauri yana kallon ƙasa. Ban taɓa ganin an raba kaya cikin hanzari haka ba. Mai aski yana ta ƙyaƙyata dariya har da riƙe ciki, sai ta ɗago wata rigar matashin kai.

"Wannan kuma, mai baƙin shafe a tsakiya, ta mai aski ce. Rinin gashin baki ne, ba ya fita."

Dariyar ta koma wani wurin.

Ni duk wannan bai dame ni ba, idona yana titi. Malam Shiru bai tsaya da tsawata ba, ya shige. Can sai ga shi ya fito, ɗauke da wata doguwar kujera mai jingina, irin wadda mutum zai zauna a kai hannunsa ya kai tebur. Ya tsallako, ya dire ta a gabana. Sannan ya yi maganar da ta fi duk wadda ya yi tun da na san shi tsawo.

"Wannan nake zuwa zama a kai. Gwiwoyina sun gaji da tsayuwa. Na taɓa roƙonki irinta, kika ce nan wurin aiki ne, ba asibiti ba."

Na tuna. Har na ji daɗin maganar a lokacin, na maimaita wa mai kemis.

"Da can ba tafiya zan yi ba," in ji Malam Shiru. "Amma da kika raba ni da dutse, Mai Inji ya yi mini tayi. Na ce masa zan ba shi amsa yau."

Mai Inji ya gyara tsayuwa. 'Yata ta dube ni, irin kallon nan na 'ya'ya da ya fi zagi ciwo.

Na share maƙogwaro. Tambaya ba ta saba da bakina ba, sai da na turo ta. "To, Malam, me kake so?"

"Dutsena. Da kujera."

"Shi ke nan?"

Ya dubi bakina. "Da kuma murmushin nan. A daina. Ba na iya barci."

Na ce an daina. Ya ce, "To." Ya wuce teburinsa, ya tofa wa dutse yawu ya ji zafinsa, ya jawo wandon da ke kusa da shi.

Kujerar ta Mai Inji ce, kuma ya ce ba ta sayarwa ba ce, yanzu yake son abarsa. Guguwa ya fita, Uwar Kumfa hannunta a ruwa. Ni na ɗora ta a ka na tsallaka titi na mayar masa, mai aski yana bina da "a sauka lafiya, Gwaggo", hannunsa a kan gashin baki. Daga can na zarce wurin kafinta, na tsaya a kansa da tsawa har ya ƙera wadda ta fi ta.

Kwat ɗin nan mai hoton dutse na biya mai ita, tana rataye a bayan ƙofa, in ana ruwa nakan yafa. Likita ya koma wurin Mai Inji, ya dawo da kansa da ya ga irin gugar can. Rediyo ta koma kantar shago, sai dai yanzu tana leƙa titi kafin ta ɗaga riga.

Da 'yata ta sake zuwa, ta tarar da Malam Shiru a kan kujerarsa yana fitar da kari, ni kuma ina gaya wa Guguwa ra'ayina game da kakarsa.

"Umma, kin ga da tun farko kin tambaye shi..."

"Wa ya gano cewa baiwar mutumin nan guga ce?" na ce. "Ni. A gaban shaidu. Ki kai wa 'yan ofis ɗinku, ba sai sun biya ba."